Dalma a Jikin Zinariya

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau na karɓo aron na'urar gano ƙarfe daga hukumar ruwa. Shekara talatin da biyu ina yawo da ita kan tituna, ina neman bututun da aka binne aka manta, amma sai da mai sito ya sa na sa hannu a takarda uku kafin ya miƙo mini, wai yanzu ni ba ma'aikaci ba ne. Ya ce, "Baba, ka yi ritaya, me kuma ya rage maka a ƙarƙashin ƙasa?" Na ce bututu. Ya yi dariya, ni ma na taya shi.

An sayar da gidanmu na gado. Ɗan kwangilar da ya saya ya ce ranar ashirin da biyar katafila za ta shigo. Mako uku ke nan gare ni, da tsakar gida mai taku goma sha takwas a tsawo, goma sha ɗaya a faɗi.

Daga can na biya asibiti. Yaya tana gado na huɗu, kusa da taga. Tana ganina ta ce, "Auta, ka rame." Ita da ke kwance! Shekarata sittin, gemu ya yi fari fat, amma a bakinta har gobe ni ne Auta. Likita ya kira ni waje, ni da 'yarta Malama, ya yi mana bayani. Ba zan rubuta bayanin a nan ba.

Talata, 5 ga wata, da azahar

Na kafa turaku na ja igiya, na raba tsakar gidan gida-gida kamar yadda muke yi in za mu bi bututu. Babanmu ne ya fara koya mini haka, tun kafin a san wata na'ura. Shi da sandar ƙarfe yake bi, yana soka ƙasa yana kasa kunne. Mai gyaran famfo ne, duk unguwar nan babu gidan da bai durƙusa a ciki ba.

Abin da na samu yau: murfin kwalba ashirin da uku, ƙusa ba adadi, cokali mai lanƙwasasshen wuya, da tayar motar gwangwani. Motar tawa ce. Yaya ce ta yanka mini ita da almakashin Inna, ta sha faɗa a kai. Na zauna bakin rijiyar da aka toshe, da tayar a tafin hannuna, har inuwa ta bar wurin ban sani ba.

Laraba, 6 ga wata, da safe

Matata ta tare ni a ƙofa da kofin shayi ta ce, "Wai me kake nema a kangon nan? Kullum ka dawo kamar wanda aka tono." Na gaya mata rabi. Bari in rubuta wannan rabin a nan.

Inna tana da 'yan kunne na zinariya da ta gada daga kakarta. Kowanne da ƙananan ƙwallaye uku a ƙasa, da jan dutse a tsakiya. A cikin gwangwanin maɓallai take ɓoye su, a naɗe cikin auduga, ba ta sa su sai da babban dalili. Ranar da Yaya ta gama makaranta aka ce za a ɗauke ta hoto, sai Inna ta ba ta aro. Ta je ta dawo, ta wanke fuska a bakin famfo, ta shiga ɗaki, sai aka ga kunne ɗaya babu komai.

An share gidan nan sau uku. An zazzage tabarmi, an tace ruwan kwata da rariya. Da yamma Inna ta tsaya a tsakar gida, maƙwabta suna ji, ta kira Yaya da sunan da ba a kiran ɗa da shi. Ta ce ta sayar ne don ta yi kuɗin motar zuwa kwalejin da Inna ba ta so ta je. Bayan kwana biyu Yaya ta ɗaure akwatinta ta tafi kwalejin, kuma tun daga ranar ba ta sake kwana a gidan nan ba. Shekara arba'in da shida ke nan. Ko da Inna ta kwanta ciwon ajali, Yaya ta zo ta yi jinya, amma hirarsu ba ta wuce magani da zafin gari ba.

Rabin ke nan.

Juma'a, 8 ga wata, da yamma

Murfin kwalba. Murfin kwalba. Makullin da ba shi da ƙofa. Murfin kwalba.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe huɗu

Yaya ta ci cokali biyu na shinkafa, Malama ta yi ta murna kamar an ba ta kujerar shugaban makaranta. Muka zauna ana hirar da. Yaya ta tuna mini ranar da na faɗa randa ina neman kwaɗo, ta ciro ni ta ƙafa. Ta tuna yadda Baba yake dawowa da jakar kayan aiki tana ƙara tun daga kan kwana, mu ruga mu karɓa, ita ta ɗauki jakar, ni in ɗauki hular. Dariya ta sa ta tari, tarin ya daɗe.

Ta ga ƙasa a farcena ta ce, "Noma ka koma?" Na ce ɗan gyara nake yi. Ta dube ni irin kallon nan nata na malamar makaranta, ba ta ƙara ba.

Litinin, 11 ga wata, da azahar

Na gama ɓangaren ɗakin Inna da na kicin. Na samu zoben labule, da tsabar kuɗin da aka daina kashewa tun ina saurayi, da ƙaramar sifanar Baba wadda ya yi wata guda yana zargin maƙwabcinmu a kanta. Allah ya jiƙan su duka biyun. Ashe gidan nan ya iya haɗiye abu ya bar mutane suna cin naman juna.

Gwiwata ta dama ta fara magana. Kwana goma sha huɗu suka rage.

Laraba, 13 ga wata, da safe

Ban je kangon ba jiya. An ƙara wa Yaya jini.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi

Ƙarfe yana da murya, duk wanda ya daɗe da na'urar nan ya sani. Ƙusa tana gurnani, murfin kwalba yana ƙara mai tsatsa. Yau, taku biyu daga inda famfo yake a da, a gefen tsohuwar kwata, sai na ji wani sauti siriri, mai tsabta, wanda ban taɓa ji a kan titi ba. Na ajiye na'urar na sa hannu, ban ma ɗauki shebur ba.

Zurfin bai kai kamu ɗaya ba. Yana cikin dunƙulen laka, a ƙarƙashin wani fasasshen bulo. Na zuba masa ruwan gorata, sai ga rawaya ta fito kamar jiya aka ajiye. Ƙwallaye uku. Jan dutse.

A saman, inda ƙugiyar da ke shiga kunne take, ƙugiyar babu. Sai wani ɗan tudu fari-fari, mai kama da toka.

Ban tabbata shi ne ba. Mutane da yawa sun zauna haya a gidan nan bayanmu. Dole a bincika tukuna.

Juma'a, 15 ga wata, da hantsi

Na shimfiɗa shi a kan farin ƙyalle a teburin kayan aikina. Na ɗauko ƙaramin magagari. Ɗan tudun nan fari, goga uku zai kawar da shi, wurin ya yi sumul. Ina riƙe da magagarin matata ta shigo.

Ta ce, "Me za ka yi?"

Na ce, "Datti zan cire."

Ta ce, "Wannan ba bututu ba ne, Maigida. Kayan tarihi ba a kankare su. Ajiye."

Na ajiye. Ta sunkuya ta duba, ta ce kai, masu aikin da sun iya aiki. Sannan ta ce, "To tashi mu kai wa Yaya." Na ce sai na tabbatar. In na kai mata abin da ba shi ba, na tayar mata da tsohon miki a banza. Ta ce to.

Ban taɓa jin "to" mai nauyin wannan ba.

Asabar, 16 ga wata, da yamma

Na kai shi shagon gwal na bakin kasuwa, mai gilashi da fitilu. Mai shagon ko kallon kirki bai yi masa ba, ya jefa a sikeli ya ce tsohon yayi ne, sai dai a narka. Na ce shekarunsa nake tambaya. Ya ce shi nauyi ya sani. Amma ya yi mini kwatancen wani tsohon maƙerin zinariya a bayan layin masu gyaran agogo, ya ce in yana da rai shi zai sani.

A asibiti abin yana aljihun rigata, a naɗe cikin auduga. Awa biyu na zauna. Yaya ta ce, "Auta, me ya sa kake ta dafe ƙirji? Kai ma gadon kake so?" Na ce zafi ne.

Litinin, 18 ga wata, da azahar

Yana da rai. Shagon bai fi faɗin tabarma biyu ba, ga ƙaramar maƙera, ga hantsaki iri-iri a rataye, ga kyanwa tana barci a kan sikeli. Tsohon ya kusa tamanin, hannunsa yana rawa har sai ya kama kayan aiki, sannan ya tsaya cak.

Ya goga gefen ɗan kunnen a kan wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya jira. Ya ce zinariya ce mai kyau. Ya sa gilashi a ido ɗaya ya daɗe yana juya shi. Ya nuna mini siririyar wayar da aka naɗa a kewayen dutsen, ya ce in duba, wani wuri kauri wani wuri siriri. "Da hannu aka ja wannan, ta cikin ramin ƙarfe, kafin inji ya zo. Ƙwallayen nan ma ɗaya-ɗaya aka narka su a kan gawayi, shi ya sa babu biyu masu girma ɗaya. Ya haura shekara ɗari, ko a gaban wa zan faɗa."

Na ce dutsen fa? A gidanmu an ce yakutu ne.

Ya yi dariya har kyanwar ta farka. "Gilashi ne, ɗana. Duba ƙananan kumfa a ciki. Amma kada ka raina shi, a zamaninsa shi ma daga nesa ya zo."

Inna ta rasu tana alfahari da gilashi. Na ji dariya.

Ya ce in ina so ya tabbatar na gidanmu ne, in kawo ɗan'uwansa ko hoto. Ɗayan ɗan kunnen kuwa, Inna ta sa an narka shi tuntuni, don ta ce ba ta son ganinsa. Saura hoto. Na ga tsohon ya ɗora babban yatsansa a kan farin tudun ya ɗan tsaya.

Talata, 19 ga wata, da safe

Malama ta kawo hoton daga gidan uwarta, ta ce a ƙasan akwati yake, a kife. "Kawu, me za ka yi da shi?" Na ce girma zan sa a ƙara masa.

Yaya tana da shekara goma sha tara, ta ɗaga haɓa, hannu ɗaya a kan tukunyar fure ta mai hoto. Na manta tana da wushirya. Na manta akwai lokacin da take dariya da dukan fuskarta.

Matata ta ce, "Kai ba tabbaci kake nema ba, lokaci kake ci. Kuma lokacin ba naka ba ne."

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe uku

Tsohon ya ɗora gilashinsa a kan hoton, ya koma kan ɗan kunnen, ya sake komawa. Ya ce ƙwallon tsakiya ya ɗan karkata hagu a nan, ya karkata hagu a can. Na kunnen dama ne. "Shi ne. Ko maƙerin da ya yi shi ba zai iya maimaita wannan karkatar ba."

Na miƙa hannu zan karɓa, bai saki ba.

Ya ce, "Saura wannan." Ya kankari farin tudun da farce. "Ka san mene ne?"

Na kawar da kai.

"Dalma ce. Irin wadda ake liƙe bututu da ita. Babu maƙerin da zai kusantar da dalma ga zinariya, ko mahaukaci ne, don cin ta take yi, wurin ya yi rauni. Ƙugiyar ta taɓa karyewa, wani ya liƙe ta da wannan. Ba za ta yi kwana biyu a kunne ba, ko ɗankwali ya taɓa ta sai ta faɗi." Ya cire gilashin ya dube ni. "A gidanku akwai mai gyaran famfo?"

Na ce mahaifina.

Ya ce, "Babban mai sana'a ba zai yi liƙi mai kauri haka ba. Wannan hannun ɗan koyo ne."

Ya naɗe shi a audugar ya sa mini a hannu, ya rufe yatsuna a kai. Bai karɓi ko sisi ba.

Laraba, bayan la'asar

Ga ɗaya rabin labarin.

Shekarata goma sha huɗu, wata uku da fara bin Baba aiki. Ana gobe hoto na buɗe gwangwanin maɓallai don in gani kawai. Na gwada lanƙwasa ƙugiyar in ga ƙarfinta, ta karye a hannuna. Na ɗauki ƙarfen liƙin Baba na sa a murhu, na ɗiga dalma, na goge da toka har ta yi ƙyalli, na mayar. Har alfahari na yi a raina, na ce na iya aiki.

Da Inna take faɗin abin da ta faɗa, ina tsaye a bayan randa. Kalma biyar ta isa: ni ne na karya shi. Ban faɗa ba ranar, don ina tsoron dukan bel ɗin Baba. Ban faɗa da ta tafi ba, don na ce ai za ta dawo. Daga baya kuma kunya ta girma ta fi ni. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, Yaya ta riƙe mini su ɗaya bayan ɗaya, ban faɗa ba.

Alhamis, 21 ga wata, da safe

An mayar da Yaya ƙaramin ɗaki mai gado ɗaya. Mutum biyu kawai ake bari su shiga.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na roƙi Malama ta ba mu wuri. Na jawo kujera, na buɗe audugar a kan bargo. Yaya ta daɗe tana kallo. Ta miƙa yatsa ta taɓa ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga yara.

Ta ce, "A ina?"

"Bakin kwata. Taku biyu daga famfo."

"Na ce musu a nan ne," in ji ta. "Na ce musu."

Sai na faɗa. Duka. Gwangwanin, murhun, tokar, randar. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Na ce, "Yaya, ki yafe mini. Ni na raba ki da Inna."

Ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Ɗaga hannunka na hagu." Na ɗaga. Ta nuna ɗan tabon da ke gindin babban yatsana. "Wa ya shafa maka man shanu a nan da safen ranar hoton?"

Ita ce. Na manta sam. A lokacin ce mata na yi murhu ne ya ƙone ni.

"Murhu ba ya ɗigo, Auta. Kuma da na zo sa shi na ga liƙin, wani ƙaton abu kamar kashin tsuntsu. Na ce bari in lallaɓa shi a yi hoton, in na dawo in san dabara."

Na ce to me ya hana ki faɗa?

"Baba zai kore ka daga aikin, ka san halinsa. Ni ina da kwaleji a gabana, kai jakar nan kaɗai gare ka." Ta numfasa. "Kuma kada ka ɗauki kayan da ba naka ba. Ka karya ƙugiya, shi ke nan naka. Maganar da Inna ta faɗa, ita ta faɗa. Ni kuma da na ƙi dawowa, taurin kaina ne. Kowa ya ɗauki nasa."

Na kifa kai a gefen gadon na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina bayan randa. Ta dafa mini kai.

"Amma na jira ka," ta ce. "Wallahi na jira. Duk zuwan da ka yi gidana sai in ce yau Auta zai faɗa. Ka cika nawa."

Na ce zan kai wa maƙeri ya cire dalmar ya sa sabuwar ƙugiya, ta sa a kunne. Ta ce a sa ƙugiyar, a ba Malama. "Amma kada a taɓa liƙin nan. Aikin ƙanena ne na farko."

Asabar, 23 ga wata, da azahar

Yaya ta kira Malama ta ba ta labarin da bakinta, tana yi tana hutawa. Ta ce a faɗa wa sauran dangi an ga ɗan kunnen, a bakin kwata. Wannan kaɗai ta ce a faɗa.

Lahadi, 24 ga wata

Yaya ta cika. Ƙarfe goma da kwata na safe.

Litinin, 25 ga wata, da yamma

Gida cike da mutane. Wani ya ce ya ga katafila ta shiga layin tsohon gidanmu. Turakuna da igiyata suna can, ban kwaso ba.

Alhamis, 28 ga wata, da hantsi

Na mayar da na'urar. Mai sito ya ce, "Baba, an samu bututun?" Na ce an samu.

Daga nan na wuce bayan layin masu agogo. Tsohon ya kori kyanwar, ya sa gilashinsa, ya ce ƙugiya aikin kwana ɗaya ce. Ya ɗauko ɗan ƙaramin magagari ya ce bari ya fara kawar da dalmar nan, ta ɓata aikin magabata.

Na riƙe masa hannu. Na ce ya nemi wani wurin a gefe ya kafa ƙugiyar.

Ya ce, "Ba zai yi kyau ba."

Na ce na sani. Mai shi ce ta ce a bari.